Wasika daga Garwa: teburin da ke bayan shagon Alhaji

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gareku da duk ma'aikatan wannan jarida, Allah ya kara basira. Ni mai karanta ku ne daga nan Garwa, arewacin Kamaru, a waya nake bin ku saboda ta takarda bata isowa wajen mu. Dan Allah ku bani fili inyi magana akan wani abu da nasan da yawa cikin masu karatu zasu ce wannan kuma meye, amma ni ya dade yana cina a rai kuma banga inda zan kai shi ba sai nan.

Maganar wasan labari ne na kan tebur, wanda a Faransanci muke ce masa jeu de rôle, da kuma shagunan da ake saida kayansa ana kuma zama ayi shi a ciki.

Bari in fara da bayani dan wanda bai taba gani ba. Mutum hudu ko biyar ko shida ne zasu zauna su kewaye tebur. Daya daga cikinsu shine mai jan labari, duniyar gaba daya a hannunsa take, shine sarki, shine dan fashi, shine tsohuwa mai saida fura a bakin hanya. Sauran kuma kowa yana da mutum daya da yake rike dashi, an rubuta shi a takarda, karfinsa kaza, wayonsa kaza, ga abinda ke cikin jakarsa. Mai jan labari sai yace toh kun iso bakin kogi, dare yayi, kwalekwale daya ne kuma mai shi yace bazai tsallaka ba, me zakuyi? Kowa ya fadi abinda mutuminsa zaiyi. In abin akwai hadari ko shakka a ciki, kamar tsallake rami ko shawo kan dogari, sai a jefa dan ludo, lambar da ta fito ita zata nuna an dace ko ba'a dace ba. Ba'a sa kudi, ba wanda yake cin wani, ko ku tsira tare ko ku halaka tare. 'Yan ludon ma ba mai fuska 6 kadai da muka sani bane, akwai mai 4, mai 8, mai 10, mai 12, sai babbansu mai fuska 20. Duk wanda ya taso yana jin gatanan gatananku a bakin kakarsa, ko ya taba yin tashe da azumi, wallahi minti goma ya isheshi ya gane, bambancin kawai anan Gizo a hannunka yake, kai zaka ce ga abinda zaiyi kuma kai zaka sha abinda ya biyo baya.

Wanda yafi suna a irin wannan wasa shine Dungeons & Dragons, ya fito a 1974 a wani karamin gari a Amurka da ake kira Lake Geneva cikin jihar Wisconsin, mutum biyu suka hada shi, Gary Gygax da Dave Arneson, bugun farko kwafi 1000 ne kacal. Kamfanin da ya fara buga shi TSR daga baya Wizards of the Coast ta saye shi a 1997, ita ma Hasbro, babban kamfanin kayan wasa, ta saye ta a 1999. Abinda nake so a lura dashi a tarihin nan shine yadda abin ya yadu tun babu intanet babu komai. A Ingila wasu samari ne Steve Jackson da Ian Livingstone suka fara saida shi ta gidan waya daga dakin da suke haya a Landan a 1975, da abin yafi karfin daki suka bude shago a unguwar Hammersmith a 1978, wannan shagon shine mafarin shagunan Games Workshop da yanzu suka bazu kasashe da yawa. Kenan tun asali wasan da shago tare suka taso, mutum ya shiga ya ga kwali mai hoton dodo ya tambaya meye wannan, mai shago yace dawo ran Asabar ka gani da idonka.

Toh yanzu a can kasashen nasu ana ta muhawara wai shin wadannan shagunan har yanzu suna da amfani kuwa. Masu cewa zamaninsu ya wuce suna da hujja, bazan boye ba. Littafi zaka same shi a Amazon da rahusa a kawo maka har kofar gida. Wanda baya son takarda ya saya a DriveThruRPG ya sauke a waya cikin minti daya. Wasan kansa ana yin shi ta intanet, shafin Roll20 da ake haduwa ayi wasan a cikinsa tun 2012 yake, kuma lokacin korona a 2020 da aka kulle kowa a gida mutane da yawa can suka koma. Ita kanta Hasbro a 2022 ta zuba dalar Amurka sama da miliyan 146 ta sayi D&D Beyond, wato shafin da ke rike wa mutum littafansa da takardar mutuminsa a waya, kaga ko su sun nuna inda suka sa gaba. Koyo ma ba sai an zaunar da kai ba, tun 2015 masu Critical Role suke wasan su a gaban kyamara duniya na kallo. Sai mutum yace toh me shago zai kara min?

Ni amsata itace yana da amfani, sosai ma, kuma ina ganin mu nan mun fi su cancantar bada wannan amsar, domin su suna dashi suna raina shi, mu kuwa bamu dashi, mun dandana dan kadan aka dauke.

Ni dai ban taba shiga shagon da aka bude shi musamman dan wannan wasan ba, daga Gaundare zuwa Garwa zuwa Marwa har Kusuri ban gamu dashi ba. A Gaundare na fara sanin wasan lokacin ina karatu a jami'a can Dang, wani abokina da yayansa ke Faransa ya aiko masa da littafi daya da 'yan ludo guda bakwai a cikin wata karamar jaka, muka kwana uku muna juya littafin kamar mun samu zinariya. Da na gama na dawo gida Garwa da fotokopin littafin da dan ludo mai fuska 20 guda daya da ya bani kyauta. Shekara kusan biyu suna cikin akwati, saboda da wa zanyi? Ba zaka tare mutum a hanya kace zo muyi wasan da baka taba jin sunansa ba na awa uku.

Sai Allah ya hada ni da Alhaji. Shagonsa na kayan makaranta ne a kusa da kasuwa, littafan rubutu, biro, alli, jakar 'yan lekol, ga injin fotokopi guda daya a gefe, sannan a saman kanta yana ajiye ludo da dam da Scrabble da karta na sayarwa. A bayan shagon akwai rumfar kwano da wani dogon tebur da yake daure littafai a kai, da benci biyu. Naje sake fotokopin wasu shafuka da suka yage, yana juyawa yaga zanen 'yan ludon sai yace dan nan wannan wane irin ludo ne mai kusurwa haka? Na ciro nawa daga aljihu na mika masa. Ya dade yana juya shi a tafin hannu yana kirga lambobin. Nayi masa bayani yadda na iya, yace wato tatsuniya ce da lissafi a ciki, nace eh Baba kusan haka. Yace ran Asabar bayan la'asar bana daurin littafi, in kana da abokai ku zo ku zauna in gani, amma sharadi biyu, ba kudi akan teburina, kuma ana kiran magariba kowa ya tashi.

Da mu uku muka fara, ni da kanina da wani makwabcinmu. Ban yi amfani da dodannin Turawa da ke cikin littafin ba, dokokin kawai na dauka, labarin kuwa namu na gida na shirya, ayarin fatake da suka dauko kanwa daga wajen tafkin Chadi zasu gangara kudu su sayo goro, da madugu da jakuna da 'yan fashi a daji da zangon da ba'a san halin mai shi ba. Kanina ya dauki maharbi, makwabcin namu ya dauki almajiri mai yawon neman ilimi da allonsa a rataye.

Asabar ta uku ce abinda yasa nake rubuta wannan wasikar ya faru. Wani yaro dan koyon dinki, bai wuce shekara 16 ba, yazo fotokopin takardar haihuwa, an dauke wuta sai Alhaji yace ya dan jira. Yana jira yaji ina cewa wani kada ya taso daga cikin kogin Binuwai ya kama kafar jakin da ke dauke da rabin kanwar ayari, sai ya leko. Ya tsaya a bakin rumfa da takardarsa a hannu, wuta ta dawo bai sani ba, Alhaji ya kira shi sau biyu bai ji ba. Can sai yayi magana da karfi ba tare da an tambaye shi ba, yace ku yanke igiyar kayan mana ku bar jakin! Duk muka juyo. Nace zo ka zauna, ga wani yaron madugu babu mai rike dashi, kai ne shi. Ya zauna a karshen benci kamar wanda za'a kora, na sa masa dan ludon a hannu nace jefa mu gani ko wukarka zata yanke igiyar kafin kada ya ja ku ruwa. Hannunsa na rawa ya jefa, dan ludon ya gangara ya bugi gwangwanin gam din Alhaji ya tsaya akan 18. Ihun da yaron nan yayi har mai shayi na tsallaken titi sai da ya dago kai. Wannan yaron baya jin Turanci, Faransancinsa ma na aji hudu ne, waya kuma karama ce mai tocila a hannunsa. Ku fada min ta wace hanya intanet zata kai masa wannan wasan? Wanda bai san abu yana duniya ba ai bazai neme shi ba. Intanet tana baka abinda ka rubuta ka nema ne, shago kuwa kana wucewa da wata bukatar daban abin zai kama ka. Kafin shekara ta zagayo wannan yaron shi yake jan labari a tebur na biyu, kuma wallahi ya fini iya muryoyi, in yayi muryar sarkin zango sai ka rantse wani dattijo ne ya shigo.

Haka muka rika karuwa, duk ta kofar shagon. Wani malamin firamare da yazo sayen alli, wasu 'yan lise biyu, wato 'yan sakandare, wani dan kilando, wato dan acaba, da yake ajiye babur dinsa a inuwar rumfar in rana tayi zafi, kun san zafin Garwa a watan uku da na hudu ba'a magana. Akwai Bafulatani, akwai Bamasa daga wajen Yagwa, akwai wani Kirista dan kudu da aka turo aiki, a teburin Hausa da Fulatanci da Faransanci duk cakude suke, wani ya fara jimla da wannan ya karasa da wancan. Mun kai mu 14 a lokacin da abin yayi karfi. A gidan wa wadannan mutanen zasu hadu in ba a shago ba? Ni bazan kai bakon da ban sani ba cikin gidan mahaifina inda iyaye mata da kannena suke ba, shima bazai kaini nasa ba, kuma hakan daidai ne. Shago na kowa ne, ka shigo da sallama ka fita da sallama ba wanda ya shiga hurumin wani.

Sannan ga maganar iyaye, wadda ni a ganina ita ce mafi girma a wajen mu. A kasar nan da an ga dan ludo a hannun yaro abu daya ke zuwa zuciya, caca. Kuma iyaye suna da gaskiyarsu, mun ga samarin da caca ta cinye, ga ta kwallo ma yanzu ta shigo cikin waya. Akwai kuma malaman da basa son wasa da dan ludo ko da babu kudi a ciki, ni ba malami bane kuma bazan yi musu da su ba, wanda zuciyarsa bata kwanta ba akwai hanyar yi da 'yan takardu masu lamba a cikin hula a rika zara, mun yi hakan saboda mutum daya a cikinmu kuma wasan bai ragu da komai ba. Su ma can Amurka a shekarun 1980 an yi wannan rigimar, iyaye da wasu coci-coci suka taso wai wasan yana kai yara ga bautar shaidan, har kamfanin ya cire wasu sunayen shaidanu daga bugun 1989. Toh mu ranar da mahaifin daya daga cikin 'yan lisen nan yazo, da fushinsa yazo, an gaya masa dansa na zaman caca a bayan shago. Bai yi mana magana ba, Alhaji ya nufa. Alhaji ya bashi kujera ya sa aka kawo masa shayi yace Malam zauna ka kalla da kanka, in kaga sisi akan teburin nan ni da kaina zan kore su. Mutumin ya zauna yafi rabin awa fuska a daure. Yaga dansa da fensir yana hada lambobi, yana karanta sakin layi na Faransanci yana fassara wa dan dinkin nan da Hausa, yaga ana kiran sallah mun nade takardu mun bi bayan Alhaji masallaci. Da zai tafi abinda yace kawai shine, in an tashi ka wuce gida kai tsaye. Da a daki muke a kulle, ko a waya cikin dare, wa zai bashi kujera? Furfurar Alhaji da budaddiyar kofarsa su suka saya mana yarda, mu kanmu bamu isa ba. Kanwata ma albarkacin haka aka barta tazo sau da yawa tare da kawarta, tunda da rana ne, a fili ne, kuma gaban dattijon da Babanmu ya sani.

Yanzu bari in fadi inda muka yi laifi, domin ba dan in yabi kanmu na dauko alkalami ba. Shekara biyu da wani abu muna zaune a rumfar bawan Allah nan duk Asabar, muna shan inuwarsa, wani lokacin har fankarsa yake jawo mana, kuma me muke saya? Fotokopin sefa 100, fensir daya, wani lokacin ko wannan babu. Bai taba tambaya ba mu kuma bamu taba tunani ba. Da mai gidan ya kara masa kudin haya, kasuwar kayan makaranta kuma dama in an wuce watan tara sai a hankali, sai ya raba shagon biyu ya bada bayan haya ga wani mai saida kayan waya da tura kudi. Ran da ya gaya mana yana ta bamu hakuri, shi da aka ci amfaninsa kyauta shine yake bada hakuri. Na koma gida na kasa cin tuwo. Da kowannenmu yana ajiye ko sefa 200 ne duk zama, mu 14, a wata ai ya haura dubu 11, ban ce zai biya hayar duka ba amma da ya san cewa rumfar tana kawo wani abu. Wannan shine ainihin abinda ke kashe irin wadannan shagunan a can Turai ma, mutum yazo ya zauna a teburin shago, ya daga littafi ya duba, ya sha bayanin mai shago, sannan ya koma gida ya saya a intanet saboda ragin 'yan kudi kadan. Mu bamu da Amazon amma abinda muka yi wa Alhaji dan uwan wannan ne.

Bayan an rufe rumfar muka ce ai ba komai, zamani ne, mu koma waya. Muka bude zaure a WhatsApp. Satin farko kowa na ciki. Amma wasan nan da murya da fuska ake yinsa, in nace kada ya taso ina so inga idon mutum ya firfito, ba in tura sakon murya in jira minti ashirin kafin wani ya samu rezo, wato sabis din waya, ya amsa ba. Wannan kredinsa ya kare, wancan an dauke wuta tun safe wayarsa ta mutu, dan dinkin nan dama bashi da babbar waya sai ya fita daga lissafi gaba daya tun ranar farko, kuma shine gwanin mu. Roll20 din da ake magana mun gwada mu biyu masu kwamfuta, taswirar kadai kafin ta bude an sha wahala. Cikin wata uku muka koma mu hudu, kuma abinda yafi damuna, tun daga ranar har yau ko mutum daya sabo bai shigo ba. Ko daya. Tsofaffin hannu suna iya lallabawa ta waya, amma sabon hannu ta kofa yake shigowa.

Nasan wani zai ce toh in dai wurin zama ne matsalar ai ba sai shago ba, ku je gindin bishiya ko majalisar mai shayi, ko dakin karatu. Haka ne, kuma duk mun gwada. Gindin darbejiya iska tana kwashe takardu, majalisar shayi kuma hayaniyar kwallo da siyasa bata bari a ji mai jan labari, in kungiyar kwallon garinmu Coton Sport na wasa ma kada ka soma. Dakin karatu yana da kyau amma wurin shiru ne, kuma wanda ke shiga dama dan boko ne, dan dinki da dan kilando basa taka wajen. Abinda shago ya fi su dashi shine akwai mutum guda tsayayye a wurin kullum, wanda in wani yazo ran Talata yace naji ana wani wasa anan, zai ce eh dawo Asabar bayan la'asar, ka tambayi wane. Alhaji bai taba jefa dan ludo ko sau daya ba amma rabin mutanen mu shi ya turo su.

Wani kuma zai ce ku da ake fama da tsadar masara da shinkafa, ga rashin tsaro can sama wajen iyaka, wasa ne damuwarku? Na yarda akwai abinda yafi wannan zafi. Amma samarin nan ko an so ko ba'a so zasu zauna a wani wuri da yamma, tambayar itace ina, kuma da wa, kuma me ke kan teburin. Ni naga yaron da baya iya hada ido da mutane ya koyi tsayawa yayi magana a gaban mutum goma, naga wanda ya tsani lissafi yana hada 14 da 3 da 2 da ka kafin in dauko fensir.

Maganar kaya kuma, gaskiya anan masu goyon bayan intanet sun fi mu hujja kuma ban ki ba. Manyan littafan Dungeons & Dragons guda uku ne, kowanne wajen dalar Amurka 50, wato kusan sefa dubu 30 kafin kudin kawowa, a sa shi a jirgi zuwa Duwala ko Yawunde, a hau jirgin kasa dashi zuwa Gaundare inda layin dogo ya kare, sannan mota zuwa Garwa. Ba mai shagon da zai daure kudinsa a irin wannan kaya, kuma ban ce wani yayi ba. Amma ba'a bukatar su dan a fara. Tun watan Janairu na 2023, bayan wata babbar rigima da masu wasan suka yi da kamfanin akan lasisi, an saki ginshikin dokokin a karkashin Creative Commons, ma'ana kowa na iya kwafa ya fassara ya buga har ya sayar matukar ya ambaci masu shi. Kenan halal ne mai fotokopi a Garwa ko Marwa ko Injamena ya buga 'yan shafuka ya daure ya sa a kanta, kuma halal ne mu zauna mu mayar dasu Hausa, da boko da ajami ma in an so. Ni na fara, na kai shafi 20 da wani abu a littafin rubutu, inda na makale shine sunayen tsafe-tsafen cikin wasan wanda nake ganin gara a cire su a sa abinda ya dace da mu. 'Yan ludo kuwa kaya ne mara nauyi, duk dan kasuwar da ke sayo kaya daga Chaina ko Dubai zai iya cusa jaka hamsin a lungun kwali daya. Kuma kada a ce mutanen kasar nan basa son irin wannan, a Yawunde kamfanin Kiro'o Games ya fitar da wasan kwamfuta na labari a 2016 da aka gina akan al'adun Afirka, 'yan Kamaru ne suka yi shi. In an iya wancan mai bukatar injiniyoyi da shekaru, na tebur da fensir da takarda ai bai gagara ba.

Dan haka rokona kashi biyu ne. Ga iyayenmu masu shagunan littafai da fotokopi da kayan wasa, daga nan har Kano da Zinder da duk inda jaridar nan ke kaiwa, in kana da tebur da baya aiki da yamma rana daya a mako, ka gwada bada shi, ka sa sharadinka kamar yadda Alhaji ya sa, kuma ka sa kudin zama ko kadan ne, kada kunya ta hana ka. Ga 'yan uwana masu wasa kuma, in Allah ya baku irin wannan wuri ku biya tun ba'a tambaye ku ba, fensir da takarda da ruwan sanyi duk ku saya a wurin ko da na gaba yafi araha da sefa 25. Masu zama a kasashen da shagunan nan suke da gaske, in kuna karanta wannan, ku ma haka.

Ku kuma Edita, in da hali ku bamu ko rabin shafi ne lokaci-lokaci mu rika kawo gajeren labarin wasa da Hausa wanda mutum hudu zasu iya zama su buga a yamma daya, na fatake da kadan Binuwai yana nan a rubuce zan turo in kun ce a turo.

Satin da ya wuce naje gaida Alhaji, ya tsufa kadan, injin fotokopin ma ya canza. Yace min mai kayan wayar zai tashi karshen shekara, ya samu wuri a bakin babban titi. Ban bari ya karasa ba nace Baba in rumfar ta dawo hannunka muna so, amma wannan karon da haya, duk wata, a rubuce. Yayi shiru yana kallona sannan yace ku kawo abinda kuka iya. Daga nan na wuce shagon dinkin da yaron nan yake, yanzu har ya samu kekensa na kansa, na gaya masa. Bai ce komai ba ya jawo aljihun keken ya ciro takardar yaron madugu, ta yi laushi duk ta sha ninki, lambobin fensir din sun kusa gogewa, yace Yaya har yanzu ina da wukar ko?

Mu hudu da shi biyar mun fara tara kudin wata uku na farko.

Nagode da fili, Allah ya bar zumunci.

Naku,
Mai karatu daga Garwa, Kamaru